60 Ko 20,000? Sharhi A Kan Ƙayyadadden Bugun Zanen Keith Haring

Gabatarwa

Na san da zarar mai karatu ya ga kan wannan maƙala zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ɗalibin Hausa, wanda aikinsa nazarin waƙa da zube da wasan kwaikwayo, ina ruwansa da zanen wani Ba'amurke? To, a yi mini haƙuri a ji dalili. Riga ce ta jawo maganar.

A zangon karatun da ya wuce na sayi wata 'yar riga a wajen masu gwanjo. A gabanta an zana waɗansu mutane marasa fuska suna tsalle, ga kuma wani kare yana haushi. Ran da na fara sa ta sai wani abokina ɗan Sashen Zane-zane ya tare ni a bakin ɗakin cin abinci, ya ce, "Malam, ka san abin da ka ɗauko a ƙirjinka kuwa?" Na ce da shi riga ce. Ya yi dariya, ya ce zanen Keith Haring ne, kuma da a takarda yake, da sa hannun mai shi da lamba a gindi, da kuɗinsa ya ishe ni in gama digiri har in yi aure. Daga nan ya ja ni laburare ya buɗe mini wani littafi mai hotunan ayyukan mutumin.

Tun daga ranar wata tambaya ta hana ni sakat. Mutumin da ya yi suna da zane a titi don kowa ya gani kyauta, me ya kai shi ga buga zanensa kofi 60 kacal, ya sa wa kowanne lamba, ya ce ba ƙari? Wannan tambaya nake so mu duba tare, ta yin amfani da awon da muka saba da shi a aji, watau jigo da salo, da kuma tambayar da ba ta tsufa: wa aka yi wa aikin?

Taƙaitaccen Tarihin Mai Zane

An haifi Keith Haring a 1958 a jihar Pennsylvania ta Amurka. A 1978 ya koma birnin New York don koyon zane, ya tarar da samari, yawancinsu baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, sun cika bangaye da jikin jiragen ƙasa da rubutun sunayensu. Abin ya burge shi ƙwarai. Wajen ƙarshen 1980 ya lura cewa a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, idan wa'adin wata talla ya ƙare ba a sami sabuwa ba, akan lulluɓe allon da baƙar takarda. Sai ya sayi farin alli ya shiga zane a kai. Ya yi shekara biyar yana wannan aiki, wata rana yakan yi zane har 40, kuma 'yan sanda sun sha kama shi. A nan ne aka san jaririnsa mai rarrafe da haske kewaye da shi, da karen nan mai haushi da ke jikin rigata.

Ana lissafa shi cikin masu fasahar da Turawa ke kira Pop, watau masu ɗaukar hotunan talla da na majigi da na barkwancin jarida su mayar da su abin nuni. Jagoran wannan tafarki, Andy Warhol, abokinsa ne. Haring ya yi zane a katangar Berlin a 1986, ya yi wani babba a jikin wata majami'a a birnin Pisa na Italiya a 1989. Ya mutu da cutar ƙanjamau ran 16 ga Fabrairu, 1990, yana da shekara 31.

Mene Ne Bugun Dutse?

Kafin mu yanke hukunci ya kamata mu san sana'ar. Abin da ake kira litogiraf, ni kuwa zan kira shi bugun dutse, wani Bajamushe ne mai suna Alois Senefelder ya gano shi a 1796. Marubucin wasan kwaikwayo ne da kuɗin ɗab'i ya gagara, ya shiga neman hanya mai araha ta buga rubutunsa. Sirrin abin kuwa kowace mai girki ta san shi: ruwa da mai ba sa haɗuwa.

Ga yadda ake yi. A sami faffaɗan dutse mai santsi, a zana abin da ake so da alli mai maiƙo. Sai a shafe fuskar dutsen da ƙaro wanda aka ɗiga wa ɗan asid. Ƙaron nan dai shi ne wanda muke sa wa tawadar allo, irin wanda ake samu a jikin dakwara a Borno da Yobe da Cadi da Sudan, ake fita da shi ƙasashen waje. Shi ke sa wuraren da ba a zana ba su riƙe ruwa. Idan aka jiƙa dutsen da soso aka birgima tawada mai mai a kai, sai ta kama wurin zanen kaɗai, ta ƙi wurin da ke da danshi. A ɗora takarda, a matse da inji, a ɗaga, zane ya fito. Kowane launi da nasa dutsen. A yau sau da yawa farantin alminiyum ake amfani da shi a madadin dutse, kuma daga wannan dabara ce aka samo manyan injunan da ke buga jaridu da littattafan da muke karantawa.

Abin lura a nan shi ne, don yawa da araha aka ƙirƙiro wannan sana'a. Honoré Daumier na Faransa ya yi bugun dutse kusan 4,000, mafi yawansu don jaridu, har aka ɗaure shi wata shida a 1832 saboda ya yi wa sarki zanen ba'a. Fostar da Toulouse-Lautrec ya yi wa gidan rawa na Moulin Rouge a 1891, dubbai aka buga aka manna a bangayen Paris. Ashe tun asali bugun dutse ɗan titi ne.

To, daga ina ƙayyadewa ta fito? Wajen ƙarshen ƙarni na 19 ne dillalai da masu zane suka lura cewa mai kuɗi ba ya son abin da kowa ke da shi. Sai aka shigo da al'adar buga adadi kaɗan, mai zane ya sa hannu da fensir a gindin kowane kofi, ya rubuta lamba kamar 12/60, watau na 12 cikin 60. Akan ware 'yan kaɗan a matsayin rabon mai zane. Bayan haka a kankare dutsen ko a ɓata farantin don kada a sake bugawa. Daidai yake da mutum ya haƙa rijiya mai ruwa, ya ja guga 60, sannan ya cike ta da ƙasa don ruwan da ya ɗiba ya yi tsada.

Zanen "Free South Africa": Jigo Da Salo

Haring ya yi ƙayyadadden bugu iri-iri, waɗansu na dutse, waɗansu ta wasu hanyoyin. Na zaɓi guda ɗaya saboda ya shafe mu. A 1985, shekarar da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta kafa dokar ta-ɓaci, ya fitar da jerin bugun dutse guda uku da aka fi sani da "Free South Africa", watau a 'yanta Afirka ta Kudu. Kamfanin Edition Schellmann ne ya fitar da su, kowanne kofi 60 masu lamba, faɗin kowanne kimanin mita guda.

Mutum biyu ne a cikin zanen. Akwai wani ƙaton baƙin mutum da ya kusa cika takardar, an zarga masa igiya a wuya. Akwai wani ɗan mitsitsin farin mutum, da jar alama a jikinsa, shi ne mai riƙe da bakin igiyar. A hoton da ya fi shahara, ƙaton ya ɗaga ƙafa ya take ƙaramin. Launi uku ne kawai, baƙi da fari da ja.

Jigon a fili yake: zalunci, da ranar da wanda aka zalunta zai motsa. Amma inda gwanintar take shi ne a salo. Haring ya ɗauki lissafin jama'ar ƙasar ya mayar da shi girman jiki. Baƙaƙen fata su ne mafi rinjaye, sai ya yi su ƙato. Fararen fata tsiraru ne, sai ya yi su ɗan tsurut. Mai kallo ba ya bukatar ya san sunan Botha ko ya karanta tarihin Soweto kafin ya tambayi kansa, ta yaya wannan ɗan abu ya ɗaure wannan ƙato? Har ila yau, igiyar da aka yi don ɗauri ita ce ta hana mai ɗaurin gudu, domin ta haɗa shi da wanda ya ɗaure. Wanda ya riƙe wani a ƙasa, shi ma bai tashi ba.

Layinsa ma abin dubawa ne. Kauri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, babu inuwa, babu gyara. Shekarun da ya yi yana zane da alli kafin ɗan sanda ya iso su suka koya masa wannan hannu, don wanda ke sauraren takun ɗan sanda ba shi da lokacin goge kuskure. 'Yan gajerun layukan da yake sa wa a gefen ƙafa da hannu, waɗanda ya aro daga zanen barkwanci, su ke sa a ji kamar hoton yana motsi. Idan za a kwatanta da adabinmu, zanen ya fi kusa da karin magana a kan doguwar waƙa: kalmomi kaɗan, a ji sau ɗaya a riƙe.

Duk da haka ina da ƙorafi biyu. Na farko, ƙaton nan ba shi da fuska, ba shi da baki. Gaskiya ne haka Haring ke zana kowa, amma a wannan wuri abin ya yi mini nauyi. Gwagwarmayar Afirka ta Kudu ta masu magana ce: lauyoyi irin su Mandela da Tambo, da marubuta irin su Steve Biko, da 'yan makarantar Soweto na 1976 waɗanda a kan harshen koyarwa suka fito aka harbe su. A zanen kuwa Ba'afirke ƙarfin jiki ne zalla, kuma wannan tsohon hoto ne da Turawa suka daɗe suna yi mana, ko da yake shi da kyakkyawar niyya ya yi. Na biyu, sauƙin da ya sa zanen shiga rai shi ne kuma ke sa a iya raba shi da ma'anarsa. Ni kaina shaida ne, tun da na yi mako ina yawo da aikin mutumin a ƙirji ban san yana cewa komai ba.

Kofi 60 Da Kofi 20,000

Yanzu mu zo ga gundarin maganar. Wannan hoto na ƙato da igiya, Haring bai tsaya ga masu lamba ba. Ya mayar da shi fosta, aka buga da injin zamani, ya rarraba kimanin kofi 20,000 a New York. Ba shi ne karo na farko ba, don a watan Yuni na 1982 ya raba fosta kimanin 20,000 kyauta a wajen gangamin ƙin makaman nukiliya a dandalin Central Park. Ke nan hoto ɗaya ya fita ta ƙofa biyu.

Da na aza su gefe da gefe a littafin nan sai na ga wani bambanci da ya fi na lamba. Fostar tana ɗauke da kalmomin kiran a gindinta, manya-manya. Masu lambar kuwa hoto ne tsura, abin da aka rubuta a gindinsu sa hannu ne da adadi. Fosta tana cewa da mai wucewa, tashi ka yi wani abu. Mai lamba yana cewa da baƙon da ya shigo falo, dubi abin da maigida ya mallaka. Wani masani Bajamushe, Walter Benjamin, ya yi hasashe tun cikin shekarun 1930 cewa injin da ke yawaita hoto zai cire masa kwarjinin nan na abu guda tilo, ya miƙa shi ga jama'a da siyasarsu. Lambar fensir dabara ce ta mayar da wannan kwarjini bayan inji ya cire shi.

Na faɗa wa abokina haka, bai yarda ba. Ya ce, "Malam, kai ba ka taɓa sayen fenti ba shi ya sa. Wa zai biya kuɗin fosta 20,000? Wa zai ciyar da mai zane ran da ya tafi yin zane kyauta a asibitin yara? Na 60 ɗin nan su ke ɗauke da na titi." Ya ƙara da cewa bugun da aka yi da hannu a takarda mai kyau yakan daɗe, ga baƙin tawadarsa ya fi zurfi, alhali fosta ruwan sama guda ya ishe ta. Ya kuma tuna mini cewa a 1986 Haring ya buɗe kanti mai suna Pop Shop a New York, yana sayar da riguna da bajoji da fostoci da araha, manyan masu sharhi suka yi masa ca, suka ce ya zubar da mutuncin fasaha. Amsarsa ita ce, yana so yaron unguwa da attajiri su shiga ƙofa ɗaya, kamar yadda suke haɗuwa a tashar jirgi.

Maganar abokina tana da ƙarfi, kuma mu Hausawa ba baƙinta ba ne. Mun san makaɗi yakan yi wa sarki ko attajiri waƙa a ba shi doki da riga, da wannan ne yake riƙe 'yan amshinsa har ya sami sukunin yin waƙar da talaka zai ji a rediyo kyauta. Amma akwai inda misalin ya karye. Waƙar da aka yi wa sarki, ba a hana talaka haddace ta, kuma makaɗin ba ya fasa tambarinsa bayan ya rera ta sau 60. A ƙayyadadden bugu kuwa, hana sauran mutane shi ne ainihin abin da ake sayarwa. Wanda ya sayi na 12 cikin 60 ya biya kuɗin takarda da tawada da gwaninta, amma mafi yawan kuɗinsa ya biya ne don a tabbatar masa ba za a yi na 61 ba. Idan jigon hoton furanni ne, da sauƙi. Idan kuwa jigonsa shi ne tsiraru sun mallake abin da ya kamata ya zama na kowa, to, lambar da ke gindinsa tana ƙaryata abin da ke samansa.

Daɗin daɗawa, kasuwa ba ta bar ƙofa ta biyun a buɗe ba. Tun yana raye mutane suka fara yanke zanensa na alli daga allunan tasha suna sayarwa, wannan yana cikin abin da ya sa ya daina a 1985. Kantin Pop Shop na New York ya rufe a 2005. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da irin waɗannan zane-zanen alli guda 31 a kan fiye da dala miliyan 9. Hatta fostocin da aka raba kyauta, waɗanda suka tsira yanzu kuɗi ake sayensu. Haka kuma akwai batun waɗanda aka aro salon daga wajensu. Angel Ortiz, wanda aka fi sani da LA II, yaro ne ɗan unguwa lokacin da suka fara aiki tare da Haring a farkon shekarun 1980, kuma ya daɗe yana kukan cewa ana mantawa da sunansa idan ana nuna ayyukan da suka yi tare. Titi ya ba da salo, amma sa hannu ɗaya ne ke da farashi.

Sai dai adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. A 1989 Haring ya kafa gidauniya da sunansa, wadda ke tallafa wa ƙungiyoyin yara da masu yaƙi da ƙanjamau, kuma daga cikin kuɗin da ake samu ta hanyar ba kamfanoni izinin buga zanensa a kaya ake wannan hidima. Ta irin wannan hanya ce zanen ya hau riga, rigar ta tsufa a wata ƙasa, aka ɗaure ta a dila, ta iso hannuna. Gwanjo biyu ke nan: na Sotheby's inda ake ɗaga hannu da miliyoyi, da namu inda ake taya riga a bakin titi. Ina ganin da za a tambayi mai zanen, da namu ya fi gane wa.

Kammalawa

Hukuncina dai shi ne wannan. A matsayin zane, jerin "Free South Africa" aiki ne mai ƙarfi, mai faɗin magana babba da layi kaɗan, duk da raunin da na nuna na hana Ba'afirke baki. A matsayin ƙayyadadden bugu kuwa, ban ga abin da lambar ta ƙara wa jigo ko salo ba. Ta ƙara wa mai saye ne. Ba zan kira Haring munafuki ba, domin bai ɓoye cewa yana sayarwa ba, kuma duk kofi ɗaya da ya sa wa lamba ya saki ɗaruruwa babu lamba. Amma idan aka tambaye ni wanne ne aikin na ainihi, zan ce fostar da aka ɗaga a zanga-zanga, aka naɗe, ruwa ya taɓa ta. An saki Mandela ran 11 ga Fabrairu, 1990, kwana biyar kafin mutuwar Haring. Ba zane ne ya buɗe kurkukun ba, jinin mutane da takunkumi da juriya ne. Sai dai in har zanen ya sa hannu ko da kaɗan, to, ta hanyar 20,000 ɗin nan ya sa.

Abin da ya rage shi ne mu juyo da tambayar kanmu. Mu ma nan muna ɗaukar waƙar makaɗi da tatsuniyar tsohuwa da kirarin mafarauci, mu rubuta kundin digiri a kai, a ɗaure kofi huɗu ko biyar, a kulle a kabad ɗin sashe, mai waƙar bai taɓa gani ba. Wannan ma ƙayyadadden bugu ne, har ya fi na Haring ƙanƙanta, kuma shi ko ba komai ya buga fosta. Ina fata 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu za su duba wannan magana, wanda ya ga na kauce ya gyara mini a fitowa ta gaba. Allah Ya sa mu dace, amin.